Kurkurar da Ba Ta Durƙusawa

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni, tunda an ɗauke wuta kuma walda ta tsaya. Ɗazu na ji ɗayanku yana gaya wa mai kurkura wai aikin gindi ba wani abu ba ne, ka cire ƙaramin aksil ka sa babba, ka ƙara sifirin, ka canza rim, shi ke nan. Na yi shiru ne don kada in kunyata shi a gaban baƙo. To, yanzu baƙon ya tafi.

Ni Sale da kuke jin ana kira Mai Aksil daga nan Kura har Bunkure, ban fara da kurkura ba. Lokacin da aka kawo ni wajen maigidana, marigayi Malam Tanko, babu wannan mai ƙafa ukun a ƙasar nan. Amalanken shanu muke yi wa gindi, da tsofaffin a-kori-kura masu jigilar tumatir. Aikin farko da na tuna na wani manomin albasa ne, ya kawo amalanke da gindin wata matacciyar mota ya ce a haɗa masa. Ina ta rawar jiki zan riƙe sifana. Malam Tanko ya turo mini rabin galan da kalanzir a ciki ya ce in wanke boris, zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa. Na wanke, na kawo. Ya ce in juya shi kusa da kunnena.

“Me ya ce maka?”

Na ce, “Malam, ai bai ce komai ba.”

Ranƙwashin da na sha ran nan har gobe ina jin wurin idan na sa hula. Sai da na daɗe ina wanke boris kafin na gane maganar. Wanda yashi ya shiga yana yin ƙaras-ƙaras. Wanda ya bushe kuka yake yi siriri. Wanda ya tsage kuwa yana ɗan ƙwanƙwasa a kowane zagaye, kamar baƙo mai jin kunya a ƙofar gida. Daga nan kunnena ya buɗe. Har yau ina zaune a nan, kurkura ta taho daga nesa, zan gaya muku ta wane ce tun ba ta karyo kwana ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuna dai gani. Jak, guduma, sifana, injin walda, alli, da wancan kututturen da kuke zama a kai kuna cin gyaɗa. Kututturen nan ya girme ku duka, kuma duk ranar da na ga mutum ya shiga ƙarƙashin kurkura a kan jak kaɗai bai tokare da shi ba, ran nan zai koma gidan ubansa. Sai kuma zare. Zaren nan da kuke raina shi ne malamin aiki. Ka ɗaura aksil, ka ja zare daga tayar gaba zuwa tayar baya ta dama, ka ja zuwa ta hagu. In suka bambanta ko da faɗin farce ne, kurkura za ta riƙa tafiya a kaikaice. A kan kwalta wannan cin taya ne kawai. A kan hanyar bakin kanal ɗin ban ruwa kuwa, inda hannun dama ruwa ne, hannun hagu gangaren gona, kuma hanyar da ƙyar take ɗaukar ƙafafun baya, wannan zancen rai ne.

Masu kawo mana aiki kuwa, Allah ya shirye su, duk bakinsu ɗaya. Kowa ya zo da aksil a lanƙwashe zai ce ɗan kaya kaɗan ya ɗora. Ban taɓa ganin mutumin da ya ce shi ya yi mugun lodi ba. Amma ba na ganin laifinsu sosai, don babu sikeli a gona. Abin da manomi ya sani shi ne, ana lodi ana duban gindin kurkura. Ana ɗora kwando tana sauka, ana ɗorawa tana sauka, har bodi ya kusa taɓa taya. Sai a ce ta durƙusa, a ɗaure. Haka suka gada tun zamanin jaki da amalanke, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ku riƙe wannan, don a kansa maganar take.

Akwai wani matashi daga wani ƙauye a hanyar Bunkure, sunansa Habu. Ubansa, Malam Ya'u, shi ya sayar da shanun huɗarsa ya saya masa kurkura. Yaro ne mai fara'a, mai surutu kamar rediyo, amma bai taɓa kawo mini ƙarya ba. Wata rana ya shigo da kurkurar ana tura ta, gindin bodi ya molaƙe, fitilun baya sun farfashe.

Ya ce, “Baba Sale, ni dai gaskiya zan faɗa maka, lodi na yi. Ina hawowa daga gona zuwa kan kanal sai ta ɗaga kai sama ta zauna da gindi. Tumatir ɗin mutane rabi ya zube.”

Na san wannan ciwon. Gangaren da ake hawowa daga gona yana da tsayi, in nauyi ya koma baya sai tayar gaba ta bar ƙasa. Na ce masa zan sa aksil mai kauri, in ƙara sifirin, in sa rim mai faɗi, amma wannan duk ba zai hana ta ɗaga kai ba. Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani.

A satin na shiga Kano sayen kaya a Ƙofar Ruwa. Akwai wani mai shago da ke buɗe kwantenar tsofaffin kayan waje, ana zube su a ƙasa kowa ya tona. Ina tonawa na ci karo da wani abu da ban taɓa gani ba. Ɗan gajeren aksil ne fari, mara nauyi, da ƙananan tayoyi a jikinsa, kowace faɗinta bai wuce faifan rufe ƙwarya ba, an zagaye bakinsu da roba mai tauri. Na juya ɗaya a kunnena, shiru, santsi kamar an zuba mai. Boris ɗin a rufe yake ruf, babu ta inda ruwa ko yashi zai shiga. Na tambayi mai shagon na mene ne. Ya nuna mini hoto a waya. Wani irin babur ne da ake hawa a kan ƙanƙara a ƙasashen da sanyi ke daskarar da kogi. Ba shi da taya a gaba, sai wasu fale-falen abin zamiya. A baya bel ne mai faɗi, waɗannan ƙananan tayoyin su ke riƙe bel ɗin daga ƙarshe. Ya ce wannan ma ba na kamfani ba ne, na canji ne, masu abin ke cire na asali su sa shi don ya fi ƙarfi. Na yi dariya na ce ashe can ma akwai irina.

Abu ɗaya ne ban so ba. Kayan sun wuni a rana, duk ƙarfen da ka taɓa sai ka janye hannu. Shi wannan da na ɗauka, sanyi ƙalau. Mai shagon ya ce irin ƙarfen ne. Na sa shi a buhu na taho, ina jin sanyinsa a cinyata har Kura.

Aikin ya ci mini kwanaki. Na fara gama babban gindin, aksil mai kauri, sifirin har da ƙari, na ja zare ya zo daidai. Sannan na yanka ƙarfe na yi ƙafafu biyu a can ƙarshen bodi, na tokare su, na ɗaura ɗan aksil ɗin a ƙasa. Na bar tazara tsakanin ƙananan tayoyin da ƙasa, yadda in babu kaya ba sa taɓawa. Sai an yi lodi mai nauyi, baya ya ɗan sauka, sannan su sauka su karɓa. Muka gwada da buhunan shinkafa a gangaren bayan nan. Kurkura ta hau tsaf, kai bai ɗaga ba. A nan muka fara jin kukansu. Idan suka taɓa ƙasa da nauyi a kansu, wani fito suke yi, siriri, dogo, ba irin na boris mai ciwo ba. Ban taɓa jin ƙarfe ya yi irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. A ƙasa kuma suna barin layi biyu sirara a tsakanin sawun manyan tayoyi.

Habu ya yi ta tsalle. Ni kuwa ina duban gindin kurkurar da buhuna a kai, na ga ta ɗan sauka kaɗan ta tsaya cak, an ƙara buhu ba ta motsa ba. Na kira shi gefe.

Na ce, “Habu, wannan ta daina durƙusawa. Daga yau kada ka duba gindinta, kwanduna za ka riƙa dubawa. In sun kai bakin ƙarfen nan na sama, ka ce a ɗaure, ko wa ke roƙonka.”

Ya ce, “Baba, in sha Allahu.”

Na yarda da shi, kuma ya riƙe maganar. Da rani guda kurkurarsa ta yi suna, yara na jin fito su ce ga Habu nan. Mutane suka yi ta zuwa wai in yi musu irinta. Na koma Ƙofar Ruwa ba sau ɗaya ba, ban sake samun ko ɗaya ba.

Sai ga muguwar shekara, wadda tsutsar nan sharon ta cinye tumatir. Ku kuna yara lokacin. Gona ka gan ta kore shar yau, jibi ka dawo kamar an bi ta da wuta. Mu ma garejin nan ya mutu, mu wuni muna korar ƙuda, har na koma gyaran baro da injin ban ruwa don a ɗora tukunya. Tumatir ya zama abin da ake kallo a kasuwa ba a taɓawa. A ƙauyen su Habu akwai wasu 'yan gonaki a can ƙarshen ƙaramin kanal da Allah ya tsare, aka sami ɗan abin da aka samu. Masu gonakin, babbansu wani Alhaji Mudi, suka haɗa kayansu wuri ɗaya. Ba sa son a yi sawu biyu, don kowa na son nasa ya riga isa kasuwar Kwanar Gafan kafin manyan motoci su tashi. Suka kira Habu. Bayan sallar asuba aka yi lodi, aka rufe da raga, aka ɗaure, ya kama hanya shi kaɗai, su suka biyo baya a kan babura ta kwalta.

Suka isa kasuwa babu Habu. Rana ta take babu Habu. Wayarsa a kashe. Aka bi hanyar da ya saba bi, babu kwando ko ɗaya a ƙasa, babu alamar haɗari. Kafin magariba magana ta gama gari, wai ya gudu da kaya da kurkura. Alhaji Mudi shi ya fara faɗa, kuma shi ya fi kowa ɗaga murya. Daga baya wani ya ce ya gan shi a Zariya, wani ya ce a Legas yake yana sayar da kayan gwari. Kun san bakin mutane, in ya sami abin tauna ba ya gajiya.

Ni na je ƙauyen na tambayi waɗanda suka yi lodin iya ina kwandunan suka kai. Kowa ya kau da kai. Ɗaya ne ya ce, “Ai ba ta ma durƙusa ba.” Na ce ita wannan ba ta durƙusawa. Ya ce to shi dai bai ga alamar ta ji nauyi ba. Na faɗa wa mutane a duba ruwa, aka ɗan zagaya da gora a wurare biyu, ba a ga komai ba, aka ce Sale yana kare yaronsa ne.

Wanda abin ya faɗa wa shi ne Malam Ya'u. Dattijo ne da ake kira raba gardamar iyakar gona, rana ɗaya ya koma uban ɓarawo. Ba wanda ya zage shi a fuska. Sai dai ya zo masallaci a matsa masa fili fiye da yadda yake buƙata, ya yi sallama a majalisa hira ta mutu. Aka daina kiransa ɗaurin aure. Shi abin da yake nema ɗaya ne, a san cewa ɗansa bai ci amanar kowa ba. Ya taɓa ce mini, “Malam Sale, in ya mutu na haƙura, kowa zai je. Amma a ce Habu ɓarawo ne, wannan ba zan iya kai shi kabari ba.”

Ya fara zuwa garejin nan duk ranar kasuwa, don kusan kowace kurkura ta nan take bi. Ya zauna a kan bencin can, sanda a tsakanin ƙafafu. Kallo yake, yana saurare. Ni ma ban hana shi ba, in na sayi ƙosai mu ci tare.

Wata rana da azahar, rana tsaka, gari ya yi tsit kowa ya gudu inuwa, ina kwance a ƙarƙashin wata kurkura ina ɗaure noti. Sai na ji shi. Siriri, dogo, yana tahowa ta hanyar kanal da ke bayan garejin nan, daga wajen Bunkure. Babu ƙarar inji, fiton ne kawai. Na ce a raina kunnena ne, tsufa ya fara. Na juyo da kai, sai na hango ƙafafun Malam Ya'u, ya miƙe tsaye. Na fito. Muka tsaya mu biyu muna duban hanyar. Dogayen ciyayin bakin ruwa sun kare wani sashe, amma inda ya buɗe muna ganinsa sarai. Fiton ya zo daidai da mu, ya wuce, ya yi gaba har ya ɓace. Ko ƙura ba ta tashi ba.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Malam Ya'u ya koma ya zauna a hankali.

Ya ce, “Ka ce sai da kaya tayoyin nan suke kuka ko?”

Na ce, “Sai da kaya.”

Ya ce, “To har yanzu bai sauke ba.”

Ba mu gaya wa kowa ba. Wa zai yarda? Bayan nan mun sake ji, ba kullum ba, kuma ko yaushe da rana tsaka ne, ko yaushe daga wajen Bunkure zuwa wajen kasuwa. Ban taɓa jin ya dawo ba. Akwai ranar da na yi ƙarfin hali na hau kan kanal bayan ya wuce. Ƙasa a bushe take ƙamas, amma ga layi biyu sirara a kanta, a jiƙe. Na durƙusa na taɓa, laka ce mai sanyi. Ina tsaye rana ta shanye su. Na je wajen wani malami a unguwarmu na ba shi labari. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in riƙa yi wa yaron addu'a, in bar bin sawu. Na bi maganarsa.

Shekaru suka wuce a haka. Tumatir ya dawo, aiki ya dawo, Malam Ya'u ya ƙara tsufa, idonsa ya fara hazo, amma ranar kasuwa ba ta wuce shi. Sannan aka zo babban gyaran kanal, aka rufe ruwa na dogon lokaci, aka kawo motocin haƙa suna kwashe laka. Ko a da ana rufe ruwa, amma akwai wani wuri mai zurfi inda ruwan ke nutsewa ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a gaba, wannan bai taɓa ƙafewa ba, sai a wannan karon da aka zuƙe shi da inji. 'Yan gwangwan suka bi motocin suna tsintar ƙarfe.

Ina cikin yi wa wata kurkura sifirin, wani ɗan gwangwan ya tsaya da baro ya ce ko ina son wani abu, shi bai san kansa ba. Ya ɗaga buhu. Laka ta rufe shi, amma hannuna ya riga idona ganewa. Kowane mai walda ya san ɗinkinsa, kamar yadda tela ya san nasa. Ƙafa ɗaya ce daga cikin biyun da na yi, bakin motar haƙa ya fizge ta, ga ɗan aksil ɗin a jikinta. Na zuba ruwa na wanke. Fari tas, ko tsatsa babu. Na juya tayar a kunnena, tana tafiya santsi kamar ranar da na saye ta.

Na ce ya kai ni inda ya samo. Ashe wata 'yar hanya ce ta yanke da ba a cika bi ba, mai rage nisa zuwa kwalta, tana bi ta saman wannan wuri mai zurfi. Na roƙi mai motar haƙa ya dakata, na aika aka kira mai gari da hukuma. Da shebur da hannu aka tone sauran. Kurkurar tana kwance a kan gefenta, laka ta binne ta. Habu yana ciki, abin da ya rage nasa, ƙarfen rumfa ya danne shi.

Na duba gindin, don aikina ne dole in duba. Aksil a miƙe yake sambal, sifirin ko ɗaya bai karye ba, noti duk a ɗaure. Ƙarfe ya ɗauki kayan, gaɓar kanal ce ta kasa ɗauka, ta zaftare da shi a kwana. Zaftarewar gaɓa kuwa abu ne na kullum a nan, wanda ya gani ma ba zai tsaya ba. Da irin kurkurar kowa ce, da tun a gona ta durƙusa an rage kaya, ko aksil ya lanƙwashe a gangare kowa ya yi ta masifa ya koma gida da ransa. Shi ya sa kuke ganin ina cire sifirin ɗaya bayan kun gama jerawa, kuna zumɓura baki. Ka ƙara wa gindi ƙarfi, amma ka bar masa inda zai nuna ya gaji, don mutanenmu da ido suke awo, kuma mai kaya ba ya jin a'a daga bakin yaro.

Ragar da aka rufe kayan da ita tana nan, igiya a ɗaure yadda aka ɗaure ta. Kwanduna sun ruɓe sun zama laka. Amma kun san yadda ake yi in an haɗa kaya, kowane manomi yana ƙulla ɗan tsinken leda a bakin kwandonsa, kowa da launinsa, don a gane na wane a kasuwa. Leda ba ta ruɓewa. Suna nan cikin ragar, ja, ruwan ɗorawa, baƙi, shuɗi. Da na ga yawansu na san kayan sun kusa ninka iyakar da na yanka wa Habu. Malam Ya'u da aka kawo a kan babur ya tambaye ni me ake tsinta. Na faɗa masa. Ya ce a tattara masa su duka, kada a bar ko ɗaya. Ya zauna a bakin kanal da bokiti ya wanke su da hannunsa, yana kai kowanne kusa da ido yana ware launi.

Da la'asar aka yi jana'iza a ƙofar gidansa. Garin duk ya fito, har da waɗanda suka gan shi a Zariya da Legas. An ajiye makara, likkafanin ɗan ƙarami kamar na yaro. Liman ya matsa gaba, mutane na daidaita sahu, sai Malam Ya'u ya ce a ɗan dakata masa. Ya zaro ƙullin ledojin daga aljihu. Ya kira mai ja da sunansa, ya zo, ya sa masa a hannu. Ya kira mai baƙi, ya kira mai ruwan ɗorawa. Kowa ya karɓa kansa a ƙasa. Shuɗin ne ya rage, kuma ya fi sauran yawa nesa ba kusa ba.

Ya ce, “Alhaji Mudi.”

Alhaji Mudi ya fito daga sahu na biyu yana jan ƙafa. Malam Ya'u ya kama hannunsa ya buɗe, ya zuba masa, har wasu na faɗuwa, ya sunkuya ya tsince ya ƙara masa.

Ya ce, “Alhaji, ga kayanka, sun iso. Ka duba da kyau. In akwai wanda bai cika ba ka faɗa yanzu a gaban jama'a, don ba na so a sa shi a ƙasa da kayan kowa a kansa.”

Alhaji Mudi ya dubi ledojin da ke hannunsa. Can ya ce da murya ƙasa-ƙasa, “Sun cika, Malam.”

“Ban ji ba, kunnena ya yi nauyi.”

“Sun cika.”

Malam Ya'u ya juya wajen liman ya ce, “Bismilla, a yi masa salla.”

Liman ya yi kabbara. Alhaji Mudi bai sami inda zai ajiye su ba, da su a hannu ya yi sallar.